Ana ta dasa bishiyoyi, amma waye zai karanci ƙasar da ake dasa su a kai?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a bani ɗan fili a shafin wasiƙu, akwai maganar da ta tsaya min a rai tun satin da ya wuce kuma naga in ban rubuta ba bazan samu sukuni ba.

'Yar ƙanina ce ta samu gurbin karatu a jami'a, likitanci ta nema kamar yadda kowane yaro yake nema yanzu, ba'a bata ba sai aka bata kimiyyar ƙasa, wato ƙasar noma da ta daji. Ranar da labarin ya iso gida nan Jos kai kace rasuwa akayi, uwarta tayi shiru ta shige ɗaki, ƙanin nawa ya kirani a waya yace Yaya kaji wai ƙasa zata je ta karanta, ƙasar nan da muke takawa, ai gara ta zauna ta sake rubuta JAMB baɗi. Ita kuma yarinyar da yamma tazo har gida ta durƙusa ta gaisheni tace Baffa kai da kayi wannan aikin ka faɗa min tsakani da Allah, akwai abun yi a ciki ko babu? Na bata amsa daidai gwargwado, amma bayan ta tafi sai nayi tunanin ai ba ita kaɗai bace, yara nawa ne a arewa ake basu wannan kwas ɗin ko na gandun daji su karɓa kamar an basu hukunci, suna gamawa su jefar da shi su kama wani abun daban. Shi yasa nace bari in bada amsar a inda mutane da yawa zasu gani.

Ni ba farfesa bane, ba dakta ba. Ma'aikacin fili da ɗakin gwaji ne ni, shekara 27 nayi ina bin masu bincike daji muna haƙa rami muna ɗibar samfur, mu dawo mu shanya a inuwa mu daka mu tankaɗe a rariya mai ido milimita 2 sannan a shiga awo, har nayi ritaya. To abun da hannuna ya taɓa shi zan faɗa.

Mutum in ya shiga kurmi yaga bishiyoyi manya manya sun rufe sama sai yace kai wannan ƙasa akwai ƙarfi, in aka sare aka shuka masara ai sai dai a nemi buhuna. Shekara ta farko haka ne, ta biyu da dama dama, daga ta uku ko ta huɗu sai gona ta fara kwanciya, sai ace ƙasa ta gaji. Abun da ya faru shine a irin dazuzzukanmu na ƙasashe masu zafi da yawa daga cikin abincin ba a cikin ƙasa yake ajiye ba, yana jikin bishiyar ne da ganyen da ya zube da 'yar baƙar ƙasar nan ta sama wadda wani wurin bata kai tsawon yatsa ba. Bishiya ta tura saiwa can ƙasa ta jawo sinadari ta kai ganye, ganye ya bushe ya faɗo, gara da tana da funfuna da ƙananan halittun da ido baya gani su cinye shi su ruɓar da shi, sinadarin ya saku, kafin ruwan sama ya wanke shi ƙananan saiwoyin da ke nan sama sama sun cafke sun mayar. Haka abun yake ta zagayawa kamar kuɗin adashi, kuɗin ba yawa ne da su ba amma tunda hannu da hannu suke yawo kowa yana samu. Ranar da ka sare bishiyar ka ƙone ta ka loda gawayi a mota zuwa Abuja, to ka ɗauke uwar adashi ne da kuɗin gaba ɗaya.

Kuma kowane sinadari da halinsa, wannan shine daɗin karatun. Naitirojin, wanda shine ake saya a buhun yuriya, a iska yake cike amma shuka bata iya ɗaukarsa kai tsaye sai ta hanyar wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a 'yan ƙululun nan na saiwar gyaɗa da wake da wasu bishiyoyi irin su gawo da bagaruwa. Shi mai gudu ne, in aka cinna wa daji wuta yawancinsa binta yake ya tashi sama da hayaƙi, abun da ya rage a toka su fotashiyam ne da kalshiyam, su ma iskar hunturu ta kwashe wasu ruwan farko ya wanke wasu. Fosfaras kuma akasin haka ne, baya gudu, maƙalewa yake, a jar ƙasa mai tsami ƙarfe da alminiyam ɗin da ke cikinta suna riƙe shi gam har shuka ta kasa ƙwata, kana iya aunawa kaga yana nan amma masara tana tsaye ganyenta yayi shuɗi shuɗi da ja saboda yunwarsa. Bishiyoyin daji suna da wani funfuna mai zare zare da yake manne a saiwarsu yana shiga lungunan da saiwa bata iya shiga ya kawo musu fosfaras ɗin su kuma su bashi sukari. Ranar da na fara ganin wannan zaren a madubin ƙara girma wallahi na daɗe ban ɗago kai ba, nace tsarki ya tabbata ga Allah, ashe duk wannan ciniki ake a ƙarƙashin ƙafarmu.

Yadda ake gano waɗannan abubuwa ba wani sihiri bane, haƙuri ne kawai. Zaka kafa raga kamar faifai a ƙarƙashin bishiyoyi, duk sati biyu kaje ka kwashe abun da ya zubo, ka busar ka ɗora a sikeli ka rubuta, rani da damina ba fashi. Zaka ɗinka 'yan jakunkuna da yadin gidan sauro ka zuba busasshen ganye da ka san nauyinsa ka ajiye a ƙasa, duk wata ka ɗauko wasu ka auna nawa ya ruɓe nawa ya rage, wani lokacin kaje ka tarar gara ta cinye har jakar, shima rubutawa zakayi dan shima sakamako ne. Ga auna tsamin ƙasa da ake kira pH, ga auna yawan ruɓaɓɓen abu, ga busar da ƙasa a oben mai zafin digiri 105 dan a san ruwan da ta riƙe. Aikin da yake son mutum mai gaskiya ne, dan in ka zauna a gindin bishiya ka cike takarda da lambobin ƙarya ba wanda zai kama ka yau, amma ka lalata aikin shekaru.

Mu mutanen Jos ma bai kamata a tsaya ana mana dogon bayani ba, misalin yana ƙofar gidanmu. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka fara haƙar kuza a nan, duk wanda ya bi ta Bukuru ko Rayfield ko Barikin Ladi yaga kududdufai da tsibin ƙasa da aka bari, an juye ƙasar ta ciki ta dawo sama ta sama ta koma ciki. Da aka zo gyara sai aka baje wasu wuraren aka dasa bishiyar turare da niyyar ta farfaɗo da ƙasar a mayar wa manoma. Bishiyar ta kama kam, ta bada itace da sandunan gini, ban raina mata ba. Amma da masu bincike na Jami'ar Durham ta Ingila tare da na Jami'ar Jos suka zo suka auna ƙasar da ke ƙarƙashinta bayan shekaru, sai suka tarar bata farfaɗo yadda aka zata ba, tsami ma ta ƙara. Abun mamakin kuma shine 'yan lambu da ke noman rani a gefen kududdufan nan da bakin Dilimi, waɗanda ba wanda ya tambayi ra'ayinsu, su ne suka gyara tasu ƙasar da tokar bola da kashin dabbobi har take bada kabeji da karas da latas ɗin da ake lodi a kasuwar Farin Gada. Toka tana kashe tsami, wannan manomi ya sani da hannunsa tun kafin a auna. To amma nan ma ga inda ake buƙatar mai ilimin, dan bolar yanzu ba irin ta da bace, akwai batir a ciki akwai roba akwai gwangwani, dalma tana iya shiga ƙasa ta shiga ganyen da muke ci, waye zai auna ya faɗa wa ɗan lambu wannan tokar ka zuba wannan kar ka zuba? Ba likita bane zaiyi wannan, likita sai an kwanta ake kai masa.

Ko turaren ma in za'a sare, yawancin kalshiyam ɗinsa a ɓawo yake da ganye, da za'a riƙa ɓare shi a wurin a bar ɓawo da ƙananan rassa su ruɓe a nan da an rage asara sosai, amma mu har ganyen sharewa ake.

Abun da yafi damuna a wannan fanni shine maganar daɗewa. Ƙasa bata magana da wanda yake sauri. A Ingila akwai wata tasha da ake kira Rothamsted, tun 1843 suke shuka alkama a fili ɗaya da taki iri iri suna rubutawa, har yau ba'a daina ba, kuma suna da samfurin ƙasa na tun wancan lokacin a kwalabe. A Amurka akwai dajin Hubbard Brook da aka fara bincike a 1963, suna auna duk abun da ruwan sama ya kawo da duk abun da rafi ya fitar daga dajin, sai a ƙarshen 1965 suka sare bishiyoyin wani kwari gaba ɗaya basu ɗauke ko reshe ba, suka hana komai tsirowa shekara 3, naitirojin ɗin da rafin yake fitarwa ya ninka fiye da sau 40. Da wannan aka tabbatar wa duniya cewa bishiya mai rai ita ce take riƙe abincin ƙasa, kuma a wannan dajin ne aka gano ruwan sama mai tsami a Amurka, abun da ba shi suka je nema ba, rubutun yau da gobe ne ya nuna musu. Mu ma nan ba'a barmu a baya ba a da, a Samaru ta Zariya tun 1950 aka ware filaye ana gwada kashin shanu da takin zamani, daga irin wannan aikin ne aka gane cewa takin zamani shi kaɗai shekara da shekaru yana sa ƙasarmu tsami, in aka haɗa shi da na gargajiya ne gona take ɗorewa.

Ni kuma ga nawa abun da na gani. Akwai wani fili a wani gandun daji, ba sai na faɗi ko ina bane, shekara 11 muna bibiyarsa, mun sa wa kowace bishiya lamba, mun san kaurinta, mun san ganyen da take zubarwa duk shekara, littattafan rubutu sun kai goma sha. Kuɗin aikin ya ƙare, aka daina biyan mai gadi, damina ɗaya bamu je ba, da muka koma sai kututture da ramukan gawayi. Ogana a lokacin, mutum mai shekaru, ya tsaya a tsakiyar wurin ya cire hula ya riƙe a hannu bai ce komai ba har muka shiga mota. Ba itacen ne ya bashi takaici ba, shekara 11 ɗin ne, dan ko yau aka sake dasawa sai an fara ƙirga daga ɗaya. Ban ga laifin masu gawayin sosai ba, talauci ne da tsadar gas da kalanzir, laifin na tsarin da yake bada kuɗin bincike na shekara 2 ko 3 ne akan abun da sai ya shekara 20 yake fara bada amsa.

Yanzu duk damina zaka ga an fito bikin dashen bishiya, a kafa rumfa a kawo manya a basu shebur sabo a ɗauki hoto. Ban ƙi ba, alheri ne. Ga shirin nan na katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, jihohi 11 na arewa suna ciki, ga hukumarsa a Abuja. Amma tambayata kafin a haƙa ramin nan waye ya duba ƙasar? zurfinta nawa kafin a tarar da marmara, tsami gareta ko kanwa, wace bishiya ce zata iya da ita, kuma bayan shekara 5 waye zai dawo ya ƙirga nawa suka rayu ya auna ko ƙasar ta canja? Adadin da aka dasa kullum muna ji a rediyo, na waɗanda suka rayu ne bama ji.

Alhali iyayenmu sun bar mana ilimin da ya kamata yaranmu su ɗora a kai. Wane manomi ne a ƙasar Hausa bai san gawo ba? bishiyar da take zubar da ganye da damina lokacin da gero yake son rana, tayi kore da rani lokacin da dabbobi suke neman inuwa, su ci 'ya'yanta su zuba kashi a gindinta, ga ta kuma tana kama naitirojin daga iska, shi yasa geron gindin gawo daban yake. A yankin Maraɗi da Damagaram can Nijar tun shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturen da ke toho a gona suna gyara shi maimakon su tumɓuke, abun da suke kira sassaben zamani, an ƙiyasta fili ya kai hekta miliyan 5 da ya sake samun bishiyoyi ta wannan hanyar ba tare da an kawo dashe daga gandu ba. A Senegal masu bincike sun nuna sabara, sabarar nan da muke sarewa muna ƙonewa lokacin sharar gona, tana jawo ruwa daga can ƙasa da dare ta sake shi a sama inda saiwar gero take. Har ƙurar hunturu da muke toshe hanci saboda ita taki ce, daga wani tsohon gindin tafki da ya ƙafe a Chadi da ake kira Bodele yawancinta take tasowa, tana sauke kalshiyam da fotashiyam a gonakinmu kyauta, kuma masu bincike na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun ƙiyasta a 2015 cewa ƙurar Sahara da ke tsallaka teku ta sauka a dajin Amazon ta haura tan miliyan 27 a shekara. Duk waɗannan abubuwan namu ne, a ƙasarmu suke faruwa, amma in ka duba waɗanda suka auna suka rubuta sai kaga yawanci daga waje suka zo. Ɗorawa, kaɗanya, kirya, marke, tsamiya, kowacce da irin ganyenta da saurin ruɓewarsa, aiki ne jibge yana jiran mai yi, kuma yaron da ya tashi yana jin Hausa ya iya zama da manomi a kan tabarma ya fi kowa dacewa da shi.

A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja akan maganar taki, suka ce daga kilo 8 a hekta za'a kai 50 kafin 2015. Takin muna buƙata, ba musu. Amma ƙasar da ba ruɓaɓɓen ganye a cikinta bata riƙe taki, kamar ka zuba ruwa a kwando ne, manomi ya ci bashi ya sayi buhu ruwa biyu ya wanke rabi.

Ban ɓoye wa 'yar tawa wahalar ba, kuma bazan ɓoye wa masu karatu ba. Albashin ba mai yawa bane, hanya doguwa ce, digiri na farko sannan na biyu sannan na uku kafin a fara jin muryarka. Zaka shiga ɗakin gwaji a ɗauke wuta kana tsakiyar aiki samfur ya lalace, zaka jira sinadarin awo wata da watanni, wani injin ya lalace ba mai gyara. Yanzu kuma ga rashin tsaro, dazuzzuka da yawa da muke kwana a ciki da yanzu ba mai iya shiga ko da rana. Amma wuraren aiki akwai, ga Cibiyar Binciken Gandun Daji ta ƙasa da ke Ibadan wadda tushenta tun 1954, ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a nan Jos tun 1958, ga cibiyar Samaru, ga IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa a Ibadan, ga cibiyar noman yankuna masu ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero, ga kuma hukumar masana kimiyyar ƙasa da aka yi wa doka a 2017. Sannan yanzu da duniya ta damu da sauyin yanayi ana neman waɗanda suka iya auna kabon ɗin da ƙasa take ajiyewa, wato sinadarin da in ya yawaita a iska yake ƙara wa duniya zafi, dan wanda ke cikin ƙasa ya fi na dukkan tsirrai da na iska in an haɗa. Farfesa Rattan Lal, masanin kimiyyar ƙasa da aka ba babbar kyautar abinci ta duniya a 2020 ai a Ibadan yayi shekaru kusan 17 yana auna zaizayar ƙasa bayan an sare daji, da ƙasar Najeriya yayi suna.

Roƙona ga gwamnonin arewa da masu bada kuɗin bincike irin su TETFund shine a ware ko 'yan filaye kaɗan ne a gandun daji a sa musu doka da mai gadi da kuɗin da ba zai yanke ba, a ce wannan na awo ne shekara 30 ba mai taɓawa ko gwamnati ta canja. Duk inda za'ayi dashe a sa kuɗin gwajin ƙasa a cikin kasafin tun farko, bai kai kuɗin rumfa da kujeru ba. Ku kuma 'yan jarida ranar 5 ga Disamba ranar ƙasa ce ta duniya, dan Allah ku riƙa nemo masanan nan ku basu fili suyi bayani da Hausa, manomi yaji da kunnensa. Iyaye kuma mu daina karya wa yara gwiwa tun kafin su fara.

Ita dai 'yar tawa ranar Asabar na ɗauketa muka fita bayan gari wajen Naraguta da 'yar fartanya, na haƙa mata a gindin wata ɗorawa na haƙa a fili inda ba komai taku ashirin tsakani, nace ta damƙa ta shinshina kowanne. Ta gindin ɗorawar baƙa ce tana da danshi tana ƙamshi, ɗayar ja ce busasshiya tana zubewa ta tsakanin yatsu. Ta ɗebi duka biyun a leda ta tafi da su gida wai zata nuna wa babanta. Jiya ya kirani yace Yaya nawa ne ma kuɗin rajistar, nace ya turo min takardar in gani mu haɗa.

Nagode Malam Edita, Allah ya bar zumunci.

Naka,
Tsohon ma'aikacin binciken ƙasar daji,
Jos, Jihar Filato.